Abin da na tsinta kan ƙullutun wuya

Wallahi wata hira da aka yi kan ƙullutun da ke fitowa a wuya ta amfane ni. Abin da aka fi nanatawa shi ne kar a yi gaggawar tiyata, a fara gwajin jini na tayirod (wata 'yar gaɓa a gaban wuya mai samar da sinadarin da ke daidaita aikin jiki), a yi sikanin, in an ga alamar damuwa sai a zuƙo ƙwayoyin ƙullutun da siririyar allura a duba. Yawanci ƙullutun ba ciwon daji (kansa) ba ne, har wanda ke fitowa gaban kunne inda ake samar da yawu.

Amma in murya ta dushe ko haɗiya tana wahala ko fuska ta karkace, kar a jira.

Kafin aiki ku tambayi likita kan haɗarin taɓa jijiyar murya da ta fuska. In an cire tayirod duka, shan Levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin tayirod, har abada ne, kuma a riƙa duba sinadarin kalsiyam a jini.