Kwamfutata ta fara ƙara daga ciki, ina zan ajiye fayilolina?

Mai Rubuta Kundi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanan nan kwamfutata ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki in na kunna ta, wani lokacin kuma ta daskare. Hankalina ya tashi, don kundin digirina na biyu yana cikinta, da muryoyin hirarrakin da na naɗa da dattawa, waɗanda ba zan iya sake naɗa ba, ga hotunan yarana tun suna jarirai. Wata ƙawata ta ce in saka Google Drive kawai, komai zai riƙa hawa intanet da kansa, na huta. Haka abin yake? Kuma wa zai iya ganin abin da na ɗora?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wannan ƙarar sau da yawa alama ce faifan ajiyar ciki ya kusa mutuwa, kuma ba ya sallama. Yau ɗin nan ki kwafe kundin da muryoyin zuwa filash ko faifan waje, su ne farko, hotuna su biyo baya. Kada ki tsaya gyara folda ko sauya sunaye.

Maganar ƙawarki rabinta gaskiya ce. Google na ba da 15GB kyauta, amma da Gmail da Google Photos kuke raba shi. Sauran ma'ajiyoyin intanet irinsa kuwa, OneDrive da iCloud 5GB ne, Dropbox 2GB. Rubutu ba ya cin wuri, muryoyi da bidiyo ne ke cinye shi.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. Manhajar da ke ɗora fayil da kanta, duk abin da ya samu foldar kwamfutarki shi take maimaitawa a intanet. Kika goge babi na uku bisa kuskure, can ma ya gogu. Ƙwayar cutar kwamfuta ta kulle miki fayiloli tana neman kuɗin fansa, kullallun ne za su hau su maye gurbin masu kyau. Akwai kwandon shara, amma a Google Drive kwana 30 abu ke yi a ciki ya tafi. Wanda bai lura ba sai bayan wata biyu, ya makara. Shi ya sa masu wannan aikin ke bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma nesa da inda kike. Na kwamfutarki, na faifan waje, na intanet. Faifan wajen kuma ki cire shi daga jikin kwamfuta in kin gama, kada ya kwana a jone.

Yayar Kowa:
Ƙanwata, Injiniya ya gama magana, sai dai in ƙara abin da ya fi damuna, wato mabuɗin asusun. Ajiyar intanet ba ta da amfani ranar da kika kasa shiga. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an tabbatar ta wayarki kafin a shiga, ki sauke lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa don shiga in babu wayar, ki rubuta su a takarda ki adana. Waya na ɓata, layi na mutuwa. Kuma ki sani Google ya ce yana iya goge asusun da aka yi shekara 2 ba a shiga ba, don haka kada ki buɗe sabon asusu don ajiya kawai ki manta da shi.

Batun sirri kuwa, jama'a ba sa ganin fayil sai kin raba mahaɗinsa. Amma kamfanin yana riƙe da mabuɗin ma'ajinsa. Ni takardu masu nauyi, irin su katin shaida da bayanan banki, nakan dunƙule su da manhajar 7-Zip in sa kalmar sirri kafin in ɗora. Muryoyin mutanen da suka amince miki ma sun cancanci haka. Kalmar in ta ɓace fa, ba mai buɗe miki.

Baƙon Zaure:
Ni dai abu ɗaya: kada ki yarda da alamar da ke cewa an gama ɗorawa. Ki shiga asusun ta wayarki, ki sauke babi guda ki buɗe, ki kunna hira guda ki ja ta har ƙarshe. Fayil daga faifai mai ciwo yana iya hawa a lalace, sunansa na nan lafiya lau, cikinsa babu komai.

Mai Rubuta Kundi:
Allah ya saka da alheri, Malam Injiniya, Yaya, da kai ɗan'uwa. Kundin da muryoyin sun shiga filash, na kuma buɗe su ta waya sun yi. Hira ɗaya ta ƙi kwafuwa, tana tsayawa a tsakiya. In ci gaba da gwadawa, ko in kashe kwamfutar in kai wa mai gyara?

Tsohon Injiniya:
Kashe ta. Duk gwaji yana ƙara wa faifan rauni. Ki ce wa mai gyaran ya fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani, kafin ya taɓa komai, kuma kada ya sake loda mata Windows.