Ana iya ganin hazon hunturu tun kafin ya iso Kano?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Yarona yana fama da asma. Duk ranar da hazo ya sauka, ba mai runtsawa a gidan nan, sai tari da shaƙar magani har asuba. Abin haushin, hazon ba ya sallama: a kwanta gari garau, a tashi ko gidan tsallaken titi ba a gani. Ƙanin maigidana ya ce wai yanzu ana hango ƙurar ta tauraron ɗan'adam tun tana hanya. Da gaske ne? Mai ƙaramar waya irina za ta iya, ko sai ma'aikatan filin jirgi? Ni ko kwana ɗaya na samu na tanadi magani na hana shi fita ƙwallo, ya ishe ni.

Malamin Jogirafi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Da gaske ne. Kaso mai yawa na ƙurar da ke rufe mu daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, wajen Faya-Largeau. Dā can ƙasan tafki ne, zamanin da Tafkin Chadi ya ninka na yau nesa ba kusa ba. Ruwa ya janye ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alkama. Iskar arewa maso gabas takan kutso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta matsu ta ƙara ƙarfi, sai ta kwashe ta. Daga can zuwa Kano kwana ɗaya ne zuwa biyu, kin ga ke nan akwai sararin shiri.

Ki buɗe Worldview, shafin intanet na hotunan tauraron ɗan'adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kyauta ne. Hotunan na taurari irin su Terra da Aqua ne, waɗanda aka harba a 1999 da 2002. Ki nemo Tafkin Chadi, ki haura arewa maso gabas. In kin ga farare-fararen layuka sun miƙo kudu maso yamma, to ta taso. Ni dai na fi son tauraron Meteosat na hukumar EUMETSAT ta Turai, don shi yana tsaye ne bisa Afirka, yana ɗaukar hoto duk minti 10 zuwa 15, har da dare. Akwai hoton da suka haɗa musamman don ƙura, tana fitowa ruwan hoda ɓaro-ɓaro, ba sai an nuna miki ba.

Ɗan Damagaram:
Malam ya yi bayani, amma a ƙara da wannan. Tauraro daga sama yake leƙowa, ba ya gaya miki ko ƙurar tana daidai hancin yaro ko tana can sama tana wucewa. A tsakiyar hunturu ƙasa-ƙasa take tafiya, amma in zafi ya shigo takan hau sama. Ki duba shafin cibiyar hasashen ƙura da ke Barcelona, suna da taswirar ƙurar da ke kusa da ƙasa ta kwanaki masu zuwa. Ki kuma riƙa bin sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ta fi sauƙin data. In kina da 'yan'uwa a wajenmu kuwa ki riƙa kira, mu take fara yi wa wanka kafin ta gangara muku.

Baffan Lafiya:
'Yar'uwa, ba duk hazo ne ƙura ba. Mu nan Nasarawa da Binuwai, Disamba da Janairu, hayaƙin ƙona daji ne ke gauraya da ita, masu share gona da masu farautar gafiya kowa da ashanarsa. Hayaƙin ya fi ƙura sirantaka, ya fi shiga can cikin huhu. A hoto yakan fito toka-toka mai ɗan shuɗi, ƙura kuwa fari-fari ko ruwan ƙasa. Ki duba shafin FIRMS, shi ma na NASA, duk inda wuta take za ki ga jan ɗigo. Kada ɗigon ya tsorata ki, zafi aka gano a wurin, ba girman wutar ke nan ba. Har wutar iskar gas ta Neja Delta tana fitowa ja. Wutar da aka cinna da yamma ta mutu da wuri kuma sau da yawa takan kuɓuce masa.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na buɗe Worldview ɗin, na gano tafkin, amma sama da shi duk fari nake gani, ban bambance ƙura da hamadar ba. Malam, in na matsar da kwanan watan baya zuwa jiya na kwatanta, zai nuna? Data ɗina ta kusa ƙarewa, sai dare zan gwada na ruwan hodan.