Wace kalma za mu sa wa mai tsayuwa shi kaɗai ya ba jama'a dariya?

Jama'a, ga wata kalma da nake so mu tsayar. Abin nan da ake kira stand-up comedy da Turanci: mutum ya hau dandamali shi kaɗai, makirufo a hannu, ba makaɗi ba abokin wasa, ya yi ta zuba har mutane su riƙe ciki. A nan Jos kusan kowa "kwamedi" yake cewa, daga ɗaliban makarantar koyon fim har masu gabatar da biki a Rayfield. Ni dai kalmar ba ta gamsar da ni ba, domin ta zuba kowa a buhu ɗaya. Wasu sun riga sun kawo shawarar kalmomi irin su "ɗan barkwanci", "ɗan kama", "wawan sarki", "barkwancin tsaye" da "barkwancin dandamali", zan kuma bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga dalilin da ya sa abin ya dame ni. Masu wannan sana'a ba sa tsayawa inda suka fara. Eddie Murphy daga ƙananan gidajen wasa na New York ya fito, ya shiga talabijin a 1980 yana ɗan shekara 19, ya zama babban jarumin fim, a 1985 kuma ya fitar da waƙar da ta yi tashe a Amurka. Jamie Foxx ma haka: ya ci kyautar Oscar a 2005 saboda fitowa a matsayin mawaƙi Ray Charles, a shekarar kuma ya saki faifan waƙoƙinsa. Trevor Noah ya taso daga Afirka ta Kudu ya riƙe shirin talabijin na Amurka mai suna The Daily Show daga 2015 zuwa 2022.

A gida ma hanyar ɗaya ce. Ali Baba ne ya ɗaga darajar sana'ar a Legas, ya mai da ita abin da ake biya kuɗi mai kauri a kai. Opa Williams ya soma shirya darensa na dariya a 1995, wanda ya fito da matasa da yawa. AY ya tsallaka fim, wanda ya yi a 2014 ya kafa tarihin ciniki a gidajen sinima na Najeriya a lokacinsa. Basketmouth da waƙar gambarar zamani ya fara, ya koma ba da dariya, ya yi shirin talabijin, a 2020 ya dawo wa kiɗa da faifai sukutum. To, idan za ka ba da labarin irin waɗannan da Hausa, dole ka sami sunan tushen da suka fito, in ba haka ba labarin ya cakuɗe.

Da yawa sun ce a bar shi a "ɗan barkwanci". Kalma ce mai kyau, amma ku duba abin da take kawowa a ran Bahaushe. Marigayi Samanja ne a cikin kakinsa na soja, ko marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah Ya jiƙansa, a cikin fim da shigarsa da abokan wasansa. Namu ta rediyo da talabijin da fim suka shigo, ba ta tsayuwa su kaɗai gaban jama'a ba. In na rubuta cewa Trevor Noah ɗan barkwanci ne kawai, mai karatu a Unguwar Rogo zai ɗauka ɗan wasan kwaikwayo ne.

Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne. A fim in magana ba ta zauna ba, darakta ya ce a sake, mai tacewa ya yanke, a sa kiɗa a rufe. Mai tsayuwa shi kaɗai gaban jama'a ba shi da wannan gatan. Ya faɗi abin dariya, zaure ya yi tsit, ana kallonsa, ana jin ƙarar fanka, kuma dole ya ci gaba. Shi ya sa suke yawo da 'yan mintoci kaɗan na zance daga wannan wuri zuwa wancan, su rage kalma a nan, su ƙara ɗan shiru a can, har ya goge. Sanin lokacin magana da lokacin shiru shi ne jarin da gidajen talabijin da masu shirya fim suke saya a wurinsu.

Malamin da ya kawo shawarar "ɗan kama", Allah Ya ƙara sani, lallai ka taɓo inda ya kamata. Ɗan kama ne mafi kusa a gargajiyarmu: shi ma gaba da gaba yake da jama'a, ya ɗauki waƙar wani ko salon karatun malamai ya juya shi ya koma zancen tuwo da miya da fura. Na so ƙwarai a ce ita muka ɗauka. Sai dai kamanci sana'a ce mai tsarinta da waƙarta da roƙonta, kuma tana nan da sunanta. In muka ara wa baƙo sunan, mun ƙwace wa mai gida, mun kuma yi wa baƙon rigar da ba tasa ba. "Wawan sarki" kuwa ba ma sai an tsaya a kai ba, babu wanda zai yarda a buga masa shi a takardar gayyata.

"Barkwancin tsaye" fassara ce kalma da kalma, kuma tsayuwar ba ita ce sana'ar ba. Akwai masu yi a zaune kan kujera. "Barkwancin dandamali" ya fi shi, amma wasan kwaikwayon ban dariya ma a dandamali ake yinsa.

Abin da na tsaya a kai shi ne barkwancin baka. Muna da adabin baka, muna da waƙar baka, kunnenmu ya riga ya saba. Kuma ta faɗi gaskiyar aikin: bakinsa ne kaɗai kayan aikinsa. Wata Hajiya ta ce ai suna rubuta abinsu kafin su hau dandamali. Gaskiya ne, Hajiya, amma makaɗan fada ma sukan zauna da 'yan amshinsu su tsara waƙa kafin ranar sallah, duk da haka mawaƙan baka muke ce musu, don da baki take isa ga jama'a.

Ku gwada ta a jimla ku ji. "AY ɗan barkwancin baka ne da ya koma shirya fim." "Ibro ɗan barkwancin fim ne." Mace 'yar barkwancin baka, jam'i 'yan barkwancin baka, taron kuma daren barkwancin baka. Masu karanta labarai a gidajen rediyon Jos da Abuja, don Allah ku ɗan jarraba ta a iska mu ji yadda masu sauraro za su karɓa.

Saura abu ɗaya da nake so ku kawo shawara a kai: sunan zancen da mutum ɗaya yake yi daga hawansa zuwa saukarsa. Ni "zubi" nake gani, kamar a ce ya yi zubin minti goma.