An yi wa motata folish, me zan yi kafin in shafa silant?

Baban Maryam, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina da Corolla baƙa, ƙirar 2010, wadda rana ta dusashe mata fenti, ga zane-zanen da tsumman masu wankin mota suka bar mata. Ranar Asabar yaron wani mai fenti ya bi ta da inji ya yi mata folish, yanzu sai ƙyalli take yi. Ƙanena ya aiko mini da kwalbar silant daga Kaduna, wato abin da ake shafa wa fenti don ya kare shi, kuma a jikinta an rubuta a shafa a kan fentin da babu maiƙo. Ni kuwa da na ɗora hannu a bonet santsi na ji. Yaron ya ce in shafa a haka kawai. Sake wanke ta zan yi, ko da akwai abin da ake goge ta da shi? Ga hazo ya fara sauka, mota ba ta awa ɗaya a waje sai ƙura ta lulluɓe ta.

Mai Fenti Na Gusau:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biye wa yaron. Santsin da ka ji man folish ne. Ana sa masa mai don soson inji ya riƙa zamewa a kan fenti, kuma ko an goge, wani yana saura. Shi silant fentin yake so ya kama kai tsaye. In ya hau kan mai, wanki kaɗan za a yi ya bi ruwa, kai kuma ka ce jabu aka sayo maka.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Man nan yana cike ƙananan zane ya ɓoye su, musamman a baƙar mota. Sai ka cire shi za ka san ko yaron ya fitar da zanen da gaske, ko kwalliya kawai ya yi musu.

Ka shiga kemis ka nemi sifirit mai suna isopropyl, mai kashi 70. Ka haɗa awo ɗaya da awo uku na ruwan batir, wato tataccen ruwan nan, ba asid ba, ka tabbatar da wannan wurin mai sayarwa. Ka zuba a kwalbar feshi. Tsumman maikirofaiba, wato masu laushin nan na goge mota, biyu masu tsabta: ka fesa kaɗan, ka shafa da ɗaya ba tare da dannawa ba, ka bi da busasshen nan take. Ƙofa ɗaya ka gama kafin ka koma ta gaba. A inuwa, jikin motar da sanyi. Sannan ka haska tocilar waya a karkace ka duba. In kana da hali, akwai na kwalba da aka yi don wannan aiki, irin su CarPro Eraser. Fetur da tina, wadda ake dama fenti da ita, kuwa ko kusa.

Ɗan Jega:
Duk wannan wahala ce, malam. Ni Omo nake kaɗawa a bokiti in wanke ta fes, babu maiƙon da ke tsira.

Injiniya Bello, Argungu:
Ɗan Jega, Omo na cin maiƙo, ba musu, amma yana busar da robobin gilashi, kuma in bai gama narkewa ba gudajinsa zai mayar da zanen da aka biya kuɗi aka cire. Ga ruwan burtsatse da ke barin farin tabo in ya bushe a baƙin fenti.

Sai dai wankin kansa dole ne, tunda motar ta kwana biyu a hazo. Baban Maryam, in ka sa tsumma a kan ƙurar nan, yashi kake gogawa. Ka fara wanke ta da sabulun mota wanda ba a haɗa shi da kaki ba, ka bi lungunan hannun ƙofa da gefen tambari inda garin folish ke maƙalewa, ka tsane ta, sannan sifirit, sannan silant a zama ɗaya. Ni da safe nake yi a cikin gareji, in yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ka shafa siriri, yawan labtawa ba ya ƙara komai sai wahalar gogewa. Yawancinsu suna son awa 12 zuwa 24 ruwa bai taɓa su ba, ka bi abin da kwalbarka ta ce.

Wai ma, akwai inda aka sake fesa wa fenti kwanan nan?

Baban Maryam, Birnin Kebbi:
Allah ya saka muku da alheri. Injiniya, akwai. Ƙofar baya ta hagu, mai Keke Napep ya goge ta, an fesa mata fenti bai fi sati uku ba.

Mai Fenti Na Gusau:
To wannan ƙofar ka tsallake ta, Alhaji, ba sifirit ba silant. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da tinar da aka dama shi da ita, in ka rufe shi da wuri ba zai yi ƙwari yadda ya kamata ba. Ka bar ta ta cika wata biyu, ruwa da sabulun mota kawai. Sauran jikin kuwa ka yi aikinka ranar Asabar mai zuwa. In tocila ta nuna zane a bonet, ka mayar wa yaron ya sake bi kafin ka buɗe kwalbar.