Gejin baƙin mai ya kai 220 a hanyar Kano, in tsaya ko in ci gaba?

Mai Datsun: Slm jama'a. Don Allah masana mota ku taimaka. Datsun 280ZX ce ta 1982, ta mahaifinmu Allah ya jiƙanshi, shekara biyu ina tada ta a hankali. Na sa mata gejin zafin baƙin mai wanda aka kawo min daga waje, jiya na ɗauki hanyar Kano da rana, ina wuce Charanchi allura ta fara hawa kafin Kankia ta kai 220 wlh sai da gabana ya faɗi na faka gefen titi na buɗe bonet ina jiran in ga hayaƙi, amma ba komi, gejin ruwa ma yana tsakiya abinshi. Haka na juyo gida.

Direban Ƙofar Ƙaura: Allah jiƙan Baba. 220 hwa? Ai da injin nan ya daɗe da yin nokin. Gejin ne ke maka ƙarya

Bakanike: Ƙanena duba fuskar gejin da kyau, F aka rubuta ko C?

Mai Datsun: F ne Oga

Bakanike: To ka sha kuruminka, awon Amurka ne. 220 ɗinsu kusan 104 ne a namu, 212 shi ne 100 inda ruwa ke tafasa. Mota irin taka a doguwar hanya daga 90 zuwa 110 lafiya lau ne, balle watan Afrilu da garin kanshi ke haura 40. Kuma kar ka haɗa shi da gejin ruwa, ruwa ke riga mai ɗaukar zafi, shi mai sai an yi tafiya sosai yake kamowa, daga nan ya ɗan wuce ruwan. Shi yasa ba ka ga komi ba sai bayan Charanchi.

Direban Ƙofar Ƙaura: Ni dai shawarata a cire tamostat, abin nan da ke tare ruwan lagireto sai inji ya yi zafi, a huta. Shekara nawa ina jan 504 Katsina zuwa Kaduna, duk motar da ta shigo hannuna shi nike hwara cirewa, wanga abu na ƙasar sanyi ne

Bakanike: Baba da girmanka amma nan ban bi ka ba. Baƙin mai yana son zafi, in bai haura 80 ba ya daɗe a nan, raɓar da ke taruwa cikin inji da ɗan fetur da ke zubowa ba sa ƙonewa. Ranar nan aka kawo min wata da aka cire wa, ina buɗe marfin mai na ga wani farin kumfa kamar an dama kindirmo, mai ita har ya fara lissafin kuɗin gaskit alhali gajerar tafiya ce da sanyin hunturu, daga gida zuwa ofis kullum injin bai taɓa ɗumi ba

Direban Ƙofar Ƙaura: To mu dai ba mu ga ta kashe mu ba

Malamin Poli: Hhhh Baba ba ya sauka. Mai Datsun wane mai ka zuba mata?

Mai Datsun: 20W-50 Malam

Malamin Poli: Ya yi, shi tsofaffin injina ke so a zafin nan namu. Sai dai ka sayi na galan a rufe, kar ka yarda da na awo a gefen titi. Inda za ka fara damuwa shi ne in ta wuce 120, wato wajen 250 a gejinka, ta zauna nan, a nan man gargajiya ke tsinkewa ya yi saurin lalacewa. Kuma ka riƙa haɗawa da gejin firesho, wato ƙarfin harba mai cikin inji, in zafi na hawa firesho na sauka to faka kawai kar ka ce bari in ƙarasa Bichi.

Mai Datsun: Wani ya ce in je Ƙofar Ruwa in sayo oyil kula, abin sanyaya baƙin mai, in ɗaura

Bakanike: A 104? Ɓarnar kuɗi ce. In kana da kuɗin kai lagireto a wanke cikinshi, a hure ƙurar da ta toshe gabanshi, a duba fambel da kuloch ɗin fanka don na motocin nan in sun tsufa fankar juyawa kawai take ba ta jan iska. In ka nace sai ka sa kula to mai tamostat, in ba haka ba watan Janairu man ba zai yi zafi ba sam. A ina ma aka ɗaura sensan gejin?

Mai Datsun: Wajen filta

Bakanike: Yauwa. Kawo ta Asabar da safe kafin gareji ya cika, mu je Kankia mu dawo ina gefenka in ga allurar da idona

Direban Ƙofar Ƙaura: Ku biyo ta tasha ku ɗauke ni, rabona da shiga irin motar nan tun ina yaron mota

Mai Datsun: Baba kujera biyu ce fa