Me ya sa Flashman na fim ya fi na littafi daɗewa a makaranta?

Ɗalibar_Adabi:
Assalamu alaikum. Tambayata a kan Tom Brown's School Days ne, littafin Thomas Hughes na 1857. A littafin ana korar Flashman, ɗalibin da ke cin zalin Tom da sauran ƙananan yara, tun labari bai wuce rabi ba, amma a fim sai ka gan shi har kusan ƙarshe yana gasa wa yara aya a hannu. Masu fim ne ba sa karanta littafin, ko akwai dalili? Sannan wanne ya kamata a fara kallo?

Malam_Sikirif:
Wa alaikumus salam, Malama. Suna karantawa, lissafi ne yake tilasta musu. Littafin kashi biyu ne, kowanne babi tara. Babi uku na farko kusan duk a ƙauyen su Tom ake, na huɗu a cikin keken doki, sai a na biyar ya taka makarantar Rugby. Flashman yana barin makarantar a babi na tara, kuma ba don cin zali aka sallame shi ba: giya ya sha ya bugu, aka ɗauko shi ranga-ranga, shugaban makarantar, Dokta Arnold, ya sa aka raba shi da ita. George Arthur, yaron nan mai rauni da aka damƙa wa Tom amanarsa, sai a kashi na biyu yake zuwa. Wato a littafi shi da Flashman ba su taɓa haɗuwa ba.

To ga matsalar. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne, don haka fim na minti 95 bai wuce shafi 95 zuwa 100 ba. Idan mugu ya tafi a minti na 45, sauran mintuna 50 me za a kalla? A littafin abin da ya rage shi ne neman ƙwan tsuntsaye, zazzaɓin Arthur, muhawara a kan satar amsa a darasin Latin, da wasan kurket. Duk suna da daɗin karantawa, amma ba su riƙe mai kallo. Shi ya sa fim ɗin 1951 da na ITV na 2005 suka ja Flashman gaba, suka jawo Arthur baya, domin mai cin zalin ya samu wanda zai murƙushe, Tom kuma ya samu wanda zai kare.

Akwai kuma batun shekaru. Tom ya shiga Rugby yana ƙaramin yaro, ya fita yana da 19. Yaro ɗaya ba zai iya taka wannan duka ba, canza ɗan wasa a tsakiya kuwa yana yanke shaƙuwar mai kallo. Sai a matse labarin ya koma zango biyu ko uku.

Shawarata ki fara da shirin BBC na 1971 mai kashi biyar. Shi ma ya yi ƙare-ƙarensa, amma yana da sararin numfashi, kuma Anthony Murphy ya ci kyautar Emmy da rawar Tom.

Mai_Kyamara:
Malam ya gama magana a kan tsari. Bari in ɗora da fitowar da kowa yake jira, wato gashin da aka yi wa Tom a bakin murhu. Dalilinsa a littafi ƙarami ne: an yi cacar tseren dokin Derby, Tom ya zaro tikitin doki mai kyau, ya ƙi sayarwa. Wanda ya cire tikitin daga fim ya mayar da Flashman mahaukaci kawai, alhali kwaɗayi ne da isa.

A aikace ba a kai yaro kusa da wuta. Murhun na gas ne, da mutum riƙe da makunni. Ana tsayar da yaron nesa, a ɗauka da dogon lens, wato madubin kyamara mai jawo nesa kusa, wanda yake matse tazara har a ga kamar wutar tana lasar wandonsa. Jan hasken da ke rawa a fuskoki na fitila ne. Ƙarar wuta da numfashi a wurin tace fim ake sa su. Kuma a Ingila yaron da bai gama shekarun karatun dole ba sai da lasisin ƙaramar hukuma da mai kula da shi, awanninsa a ƙidaye suke, don haka ana fara ɗaukar fuskarsa, sauran a ƙarasa da wani mai irin jikinsa.

Inda ake yin ɓarna biyu ne. Na ɗaya, a tsaya a kan wanda ake azabtarwa har mai kallo ya kau da kai. Abin da ke sa tsikar jiki ta tashi shi ne fuskokin waɗanda suka riƙe shi da waɗanda suka tsaya suna kallo. Na biyu, zaɓen 'yan wasa: Flashman ɗan kimanin 17 ne, idan aka ɗauko ƙato mai gemu sai abin ya zama babba yana dukan yaro, ba ɗalibi da ɗalibi ba.

Tsohon_Alƙalami:
Ban ƙi ta taku ba, amma akwai asarar da jan Flashman yake jawowa wadda ba a faɗa ba. A Rugby ta wancan zamani, 'yan aji shida, wato manyan ɗaliban ajin ƙarshe, suna da izinin aiken ƙananan yara, share ɗaki, gasa burodi, kai saƙo. Hughes bai yi faɗa da wannan ba sam. Laifin Flashman shi ne ɗan aji biyar ne, ba shi da wannan izini, ya ƙwata da ƙarfi. Yajin aikin da Tom da abokinsa East suka yi na ƙin yi masa aike, a kan wannan aka yi shi. Fim kuwa yana nuna kamar da an kori mugu ɗaya shi ke nan makaranta ta gyaru. Wannan ya fi littafin sauƙi, kuma ya fi shi ƙarya.

Malama, in kina son fim ɗin da bai yi wannan yaudarar ba, nemi Der junge Törless na Volker Schlöndorff, 1966, daga littafin Robert Musil na 1906. A wata makarantar kwana ɗalibi Basini ya saci kuɗi, 'yan uwansa ɗalibai Reiting da Beineberg suka riƙe sirrin suna azabtar da shi a wani ɓoyayyen ɗaki a saman gini. Jarumin ba wanda ake duka ba ne, Törless ne da ya tsaya yana kallo yana nazari. Wahalar littafin ita ce kusan komai a cikin kan yaron yake faruwa. Schlöndorff ya warware ta da hoto baƙi da fari, doguwar tsayawa a kan fuska, da jawabin Törless gaban malamai a ƙarshe. Da yake fim ɗin ya fito shekara 21 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa sun gane wa ake nufi da wanda ya tsaya yana kallo ya yi shiru.

Sai Ondskan na Siwidin, 2003, daga littafin Jan Guillou na 1981, wanda ya shiga takarar Oscar. Can ɗalibai ne ke hukunta ɗalibai da yardar malamai, kuma wanda ya ɗaga hannu ya daki ɗan majalisar ɗalibai kora ce. Erik, jarumin fim ɗin, ya iya faɗa fiye da kowa, amma dokar ta ɗaure masa hannu. Wani ɗan canji: a littafi mahaifinsa ne yake dukansa a gida, fim ya mayar da shi mijin uwa.

Malam_Sikirif:
Gaskiyarka, Baba. Sai dai a yi wa masu fim adalci: da wuya a ɗauki hoton doka, amma fuskar Flashman tana ɗaukuwa. Ko masu karatu ma shi suka riƙe, tunda a 1969 George MacDonald Fraser ya ɗauke shi ya yi masa nasa jerin littattafan. Malama, in za ki kalli na 2005, ki fara karanta babi na takwas da na tara, sannan ki duba a wane minti Arthur ya shigo.