"Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho": shin kullum haka ne?

Bazazzagiya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan karin maganar ta daɗe tana damuna, tun muna yara da ita ake mana tsawa, yaro ya cika taurin kai a ce masa wanda bai ji bari ba ya ji hoho. To ni tambayata, Hajiya Gambo Sawaba fa? Ai an ce mata bari ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya, lokacin da mace ko fita taron siyasa abin kunya ne, aka yi ta kama ta ana kai ta gidan yari amma ta ƙi dainawa. Yau ga asibiti da sunanta nan Zariya. Da ta ji barin nan wa zai san ta?

Ɗan Fagge:
Yaya ai hohon ta ji shi wallahi. Duka, ɗauri, wulaƙanci, duk ta sha. Karin maganar ba ta yi ƙarya ba, ita ce ta yarda ta biya farashin.

Bazazzagiya:
To in dai haka ne hohon ba ƙarshen labari ba ne kenan. Matan Arewa ba su samu damar kaɗa ƙuri'a ba sai 1976, kuma irin su ne suka yi ta buga ƙofar nan shekara da shekaru.

Tsohon malami:
'Yata, ku duba waye ke cewa bari ɗin. Uwa ta ga ɗanta zai taɓa garwashi ko zai shiga kududdufi bai iya ruwa ba, wannan bari ne na mai ƙaunarka, kuma don shi aka yi maganar. Akwai kuma barin mai cin moriyar shirunka. Malam Aminu Kano aikin koyarwa yake da albashinsa a Maru, a zamanin da ɗan boko mai aiki ake ganin ya gama haɗuwa, ya ajiye a 1950 ya koma ja da En'e (hukumar gargajiya) da sarakuna saboda talaka, mutane da yawa gani suke yi ya ɓata wa kansa rayuwa. Bai ci shugaban ƙasa ba a 1979, gaskiya ne, amma jam'iyyarsa PRP ta ɗauki Kano da Kaduna, Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano ya soke haraji da jangali, talakan da ake ɗaurewa a rana kan kuɗin haraji shi ya san me aka cire masa.

Ɗan Fagge:
Baba na yarda, amma tsorona yaran yanzu. Yaro ya ƙi makaranta ya ƙi sana'a ya ƙi jin maganar iyaye sai ya ce ai manyan mutane ma masu taurin kai ne. Kuma Balarabe Musa, gwamnan Kaduna na PRP, da ya ƙi lanƙwasa wa majalisa ai tsige shi suka yi a 1981.

Bakatsiniya:
Ai shi Malam Aminu sai da ya yi karatun tukuna, har Landan ya je, ya san abin da yake ƙi da dalilinsa. Ni a shago nake gani, yarinyar da ke min gardama kan yankan atamfa tana cewa Anti a gwada kaza, ita ce ke fara ƙwarewa, mai "to" kawai sai ta daɗe tana ɗinka abu ɗaya. Hausawan da suka yi wannan karin maganar ai su ne kuma suka ce matsoraci ba ya zama gwani.

Ɗan Fagge:
Anti to in ta ɓata atamfar kwastoma fa, wa ke biya?

Bakatsiniya:
Ni nake biya, kuma ba na korarta.